Sawu a Jikin Shara

Ruwan ya sauko bayan azahar, bai cika awa biyu ba ya ɗauke. A da, irin wannan ruwa ba ya hana kowa fita a layin bayan kasuwa. Amma ran nan babban kwalbatin da ke kwashe ruwan unguwar ya kai rafi ya ƙi haɗiyar ko ɗigo. Ruwa ya taru, ya dawo da baya, ya bi gida-gida. A gidan Tela ya cika ɗakin baya har ƙugu, katanga ta jiƙe ta kwanta a kan mahaifiyarsa, tsohuwar da ta shekara biyu ba ta tashi sai an ɗaga ta.

Maza suka yi ta tono, wasu da cebur, wasu da hannu. Wanda ya fi kowa haƙa shi ne Direba, mai tuƙa motar shara ta hukumar gari, har farcensa biyu suka fita bai sani ba. Ko da aka fito da ita, rai ya riga ya yi halinsa.

Washegari ruwa ya janye, aka ga abin da ya toshe kwalbatin. Shara ce, tuli guda, ta cushe bakinsa daga ƙasa har sama. Matan da ke bi ta wurin zuwa niƙa suka rantse kwana uku da suka wuce babu ita. Wani ne ya kawo ta ya zuba. Wurin kuwa bayan katangar wata tsohuwar masana'anta yake, ba ƙofar gidan da ke kallonsa.

Ba a daɗe ana tambayar ko wane ne ba. Wani ya ce, "Wa ke yawo da shara a unguwar nan in ba Sanƙo mai baro ba?" Kafin la'asar samari sun kama shi, sun karya masa hannu, sun cinna wa baronsa wuta. Sajan ne ya ƙwace shi da ƙyar ya kulle a caji ofis.

* * *

Mai Unguwa ya sami Mai Sawu a gindin bishiyar da yake gyaran takalma. Tsoho ne siriri, mai ƙananan idanu. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji kafin gwiwa ta gaza, ya dawo birni kusa da 'yarsa, wadda ke auren Direba. Har yanzu in mutum ya miƙa masa takalmi, yakan duba ƙasansa ya faɗa masa ƙafar da ke masa ciwo.

Mai Unguwa ya zauna a kan benci ya ce, "Malam, ran Litinin za a kai Sanƙo kotu. Zuciyata ba ta kwanta ba."

"To ni me zan yi? Ruwa ya wanke ƙasa tas. Ko raƙumi ne ya bi ta wurin, ba zan gani ba."

"Ka dai je ka duba. In ka ce shi ne, shi ke nan, na yi shiru."

Mai Sawu ya soke basilla a jikin takalmin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya jawo sandarsa.

A bakin kwalbatin babu komai sai taɓo da ƙudaje. Ya zagaya sau biyu, ya duƙa, ya miƙe. Ba sawun taya, ba na ƙafa, sai na samarin da suka zo kallo. Ya tsokani tulin da sanda. Ya lura ba toka a ciki, ba tsumman yara, ba irin tarkacen da ke fitowa daga tsakar gida. Kwalaye ne, da ruɓaɓɓen kayan gwari, da ledar ruwa mai yawa, irin wadda aka yanke ba a taɓa zuba mata ruwa ba.

* * *

Sanƙo na zaune a ƙasa bayan kanta, hannunsa ɗaure da guntun kwali da tsumma. Da ya ga tsohon sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, wallahi ba ni ba ne. Iya fa, mahaifiyar Tela, ita ke sa a ajiye min ruwan sanyi in na zo kwasar shararsu."

"Ka taɓa zuba shara a lambatu?"

Sanƙo ya sunkuyar da kai.

"Ka faɗa min gaskiya. Ƙarya ba za ta ɗora maka hannu ba."

"Na taɓa. A ƙaramin lambatu, ba a kwalbati ba. Baba, ina zan kai? Babban kwandon da hukuma ta ajiye a bakin unguwa sati uku ke nan ba a kwashe shi ba. Ya cika ya tumbatsa har titi. Masu shagon wurin sun ce in na ƙara zuba ko leda ɗaya sai sun fasa min kai. Matan gida kuma kullum suna ƙwala min kira."

"Tulin da ke cikin kwalbati, baro nawa zai yi?"

Sanƙo ya share hanci ya yi tunani irin na mai sana'a. "Ya fi arba'in. Ko ban ci ban sha ba, sai na yi kwana huɗu ina jigila. Kuma tayata na kuka, Baba. Duk unguwar nan an san kukan tayata."

Sajan, wanda ke jingine da ƙofa, ya ce, "Tsoho, ni dai an kawo min mutum, kuma ya amsa yana zuba shara a lambatu. In kana da wani, kawo shi."

* * *

Ledar nan ta kai Mai Sawu gidan ruwan leda da ke bakin titi. Mai Ruwa ƙaton mutum ne mai saurin fushi. Tun kafin a gama sallama ya fara ɗaga murya.

"Na ji ana ta raɗa wai ni ne. Don ledata tana ciki? Ledata tana ko'ina! Har a cikin akuya an sha samunta, ni na ba ta?"

"Ban ce kai ba ne. Da me kake kwashe ragowar da injin ya yanke?"

Mai Ruwa ya ja shi bayan gida ya nuna masa wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. A kan duwatsu take zaune, ba taya ko ɗaya, gizo-gizo ya yi saƙa a sitiyari.

"Ga motar da na yi laifin da ita. Wata biyu ke nan. Ma'aikatana a ka suke ɗauka su kai kwandon kasuwa."

"Shi ma ai ya cika, ko?"

"Da ya cika. Amma jajibirin ruwan nan da safe muka tarar an kwashe shi ƙal, har an share gefensa. Manyan baƙi aka ce za su zo buɗe sababbin rumfuna. Ka san sai za a yi baƙi ake tunawa muna da hanci."

Mai Sawu ya yi godiya ya fito. Sharar kasuwa ce ke nan a cikin kwalbati, ba ta gidaje ba. Amma daga kasuwa zuwa can akwai masu baro, akwai masu kura, akwai masu a-kori-kura da ake ɗauka haya. Kowa na iya yi.

* * *

Uwar Robobi na da fili a bayan makaranta, inda mata ke kawo mata robobin da suka tsinto tana wankewa tana sayar wa masu mai da masu magani. Tun tana budurwa suke wasa da Mai Sawu.

"A'a, ga angona ya zo da sanda! Tsoho, an ce ka koma bin sawun ƙudaje."

"Ke dai har yanzu bakinki bai tsufa ba, sauran jikin ne ya riga shi. An ce matanki ma suna watsa shara in suna tsince-tsince."

"Mu? Mu da muke rage ta? Da babu mu da tuni shara ta binne ku da ranku." Ta tsuke baki ta shuri wani buhu. "Dubi abin da suka kwaso min daga kwalbatin nan naku. Ko ɗaya ba ta moruwa."

Ta zazzage buhun. Robobi ne, amma duk a lanƙwashe, a shafe kamar faranti, har murafensu sun fashe.

"Ruwa ne ya yi musu haka?"

"Ruwa? Shekara ashirin ina tsamo roba daga ruwa, ban taɓa ganin ruwan da ya taka roba ba. Wannan sai ka ce giwa ta kwana a kansu."

Mai Sawu ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu. Murmushin da ke fuskarsa ya ɓace. Bai ko yi mata sallama ba ya juya.

Ya koma kwalbatin, ya naɗe wando, ya shiga taɓo har gwiwa. Ya bar saman tulin, ya yi ta zaƙulo na can ciki, inda ruwa bai ratsa ba. A nan sharar ba a warwatse take ba. A dunƙule take, an matse ta ta zama kamar bulo. Ya ɓamɓaro wani falle na kwalaye da suka manne da juna, ya fito da shi rana, ya goge da gefen hannu.

A jikin kwalin akwai layuka miƙaƙƙu da wani ƙarfe ya bari. A tsakiyarsu kuma wani tabo ya gitta, a karkace, mai ƙulli-ƙulli bakwai kamar ɗinkin koyo. Ya sake shiga ya fito da falle na biyu, da na uku. Tabon nan dai, ƙulli bakwai.

Ya zauna a kan dutse, ƙafafunsa na ɗigar baƙin ruwa. Baro ba ya matse shara. Kura ba ta yi. Mota iri ɗaya ce ke yin haka, motar shara mai ƙarfe a baya da ke danne kaya. Ya san biyu ne kacal suka rage suna aiki a garin nan, kuma ya san wanda ke tuƙa ɗaya daga ciki.

* * *

Duk hanyar zuwa garejin hukuma addu'a yake yi a zuci, Allah ya sa ɗayar ce.

Motoci goma sha ɗaya ya ƙirga a harabar. Tara sun mutu a inda suke, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu, kaza ta yi ƙwai a kujerar ɗaya. A jikin bango an liƙa babban allo mai hoton gari fes, da rubutun cewa tsabta haƙƙin kowa ce. Mai Walda na tsugune a inuwar allon yana ɗaure wayar wuta da leda.

Mai Sawu ya kwance buhu ya ajiye kwalin a gabansa. "Ɗana, ka san wannan?"

Mai Walda ya ɗaga tabarau ya duba, sai ya yi dariya. "Ai wannan hannuna ne, Baba. Ƙarfen matsi ne ya tsage, aka ce ba sabo. Da guntayen waya bakwai na like shi, kowane da irin nasa, shi ya sa ya fito kamar tsutsa. A ina ka samo?"

"Wace mota ce?"

"Lamba bakwai. Ɗayar ƙarfenta lafiya lau, birki ne ba ta da shi."

"Wa ke tuƙa lamba bakwai?"

Dariyar Mai Walda ta tsaya. Ya dubi taɓon da ya bushe a ƙafafun tsohon, ya dubi kwalin. Ya sauke murya ya ce, "Baba, kai ma ka sani."

* * *

Ya tarar da 'yarsa a tsakar gida tana sauya wa mijinta tsumman yatsu. Jikoki suka rugo suka riƙe masa sanda. Ya shafa kansu ya ce su je waje su yi wasa. Sannan ya ajiye kwalin a kan tabarma.

Direba ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. Can ya ce, "Tun da na ji Mai Unguwa ya je wurinka na san za ka zo, Baba."

"Kai ne?"

"Ni ne."

'Yar ta saki tsumman. Ta dubi mijinta, ta dubi ubanta, sai ta durƙusa ta kama ƙafar tsohon.

"Baba, don Allah. Wa ya gani in ba kai ba? Ka jefa shi rafi. Yara huɗu, Baba. Wa zai riƙe mu?"

"Mai Walda ya gani."

"Ba zai faɗa ba, abokinsa ne!"

"Sanƙo fa? Shi ma yana da uwa a ɗaki."

"Ni 'yarka ce!"

Mai Sawu ya dubi kwalin da ke kan tabarma. A daji, in ya kai ƙarshen sawu, yakan sami ɓarawo da shanu, a kama ɓarawo, a kora shanu gida. Bai taɓa kai ƙarshen sawu ya tarar da tabarmar da yake cin abinci a kanta ba.

Ya ce wa surukin, "Gobe Mai Unguwa zai tara mutane. Na fi so a ji daga bakinka. In ba ka faɗa ba, zan faɗa."

Direba ya gyaɗa kai. "Kwana uku ban runtsa ba, Baba. Da na rufe ido sai in ga ƙafar tsohuwar nan a cikin laka."

* * *

A wani aji na makarantar unguwa aka taru da hantsi, manya a takure kan kujerun yara. Sajan ya kawo Sanƙo. Mai Ruwa ya zo yana huci, Uwar Robobi ta zauna kusa da taga, Mai Walda ya raɓe a baya. Tela na gaba, idanunsa jajur. Mai Unguwa ya aika wa shugaban sashen kwashe shara, wanda kowa ke kira Ofisa, shi ma ya zo da jakar takardu a hammata. Jama'a sun cika tagogi.

Mai Sawu ya miƙe ya dogara sanda.

"Sanƙo na zuba shara a lambatu, ya amsa. Amma abin da ke cikin kwalbati ba sharar gida ba ce, kuma ya fi ƙarfin baro. Ledar Mai Ruwa na ciki, amma kwandon kasuwa ya kai ta, motarsa kuma ba taya. Matan Uwar Robobi ɗiba suka yi, ba zubawa ba." Ya ɗaga kwalin ya nuna tabon. "Wannan sawu ne. Ƙarfen mota ne ya bar shi, kuma wanda ya like ƙarfen yana nan."

Mai Walda ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa, "Lamba bakwai ce."

Direba ya miƙe tun ba a kira shi ba.

"Ni na zuba. Jajibirin ruwan, da sassafe, aka ce in kwashe kwandon kasuwa da titin da baƙi za su bi. Lodi uku ne. Na ɗauki na farko na nufi juji. Kowa a wurin aikinmu ya san hanyar juji ta yanke sati uku ke nan, katafilar da ke ture shara ta lalace, motoci ba sa shiga. Na kira Ofisa na ce ga ni a bakin hanya, ba wurin saukewa. Ya ce min baƙi na isowa ƙarfe goma, kada in kuskura in dawo masa da ita, kuma kada ya ga ko ɓawo a titi. Na ce ina zan kai? Ya ce, kai yaro ne?" Ya ci gaba da cewa, "Na tuna da bayan masana'anta. A gefen kwalbati na juye biyu, na uku ya gangara ya ja sauran ciki. Na ce in baƙi sun tafi zan dawo in kwashe. Da suka tafi aka ce man mota ya ƙare, sai sabon wata. Na zo da cebur ni kaɗai da yamma, na ga ba abin da hannu zai iya. Na ce gobe. Goben aka yi ruwa."

Tela ya yi kukan kura ya shaƙe shi. Da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare hannunsa. Yana ta faɗin, "Kai ka tono ta! Da hannunka ka tono ta, kana kuka tare da mu!"

Da aka lafa, Sajan ya juya ga Ofisa. "Yallaɓai, ka ji abin da ya ce."

Ofisa ya buɗe jaka ya zaro wani littafi mai sheƙi. "Tsarin hukuma a rubuce yake. Shafi na sha biyu: ba a sauke shara ko'ina sai a juji. Duk direba ya sa hannu a kan wannan. Ni cewa na yi a kwashe. Ban ce a zuba a kwalbati ba. Akwai takardar da na rubuta haka?"

Babu.

Uwar Robobi ta ce daga taga, "To a shafi na nawa aka rubuta inda za a kai ta in juji ya toshe?"

Ofisa bai dube ta ba. Ya ce za a kafa kwamiti.

Sajan ya kwance ankwa daga hannun Sanƙo mai lafiya, ya maƙala wa Direba. Ya ce motar ma za a tsare ta a caji ofis, shaida ce.

A bakin ƙofa Ofisa ya duƙa kusa da Mai Sawu, kamar mai gyara igiyar takalmi. Kusa da kusa tsohon ya ga wuyan rigarsa ya ƙoƙe.

"Baba, wasiƙa shida na rubuta a kan katafilar nan. Ni ma ran nan kira na aka yi daga sama, aka faɗa min abin da na faɗa masa, kalma da kalma."

"Wa ya kira ka?"

"Wanda shi ma aka kira shi."

"Ka faɗa a gaban Sajan mana."

"Ina da yara shida." Ya miƙe ya gyara jakarsa. "Ka iya bin sawu, Baba, na yarda. Amma daga ofishina zuwa sama duk tayil ne da kafet. Ba abin da za ka gani."

* * *

Mai Sawu bai haƙura nan take ba. Sau uku yana zuwa babban ofishin hukumar da kwalin a buhu. Ran farko aka ce shugaba na taro. Ran na biyu aka ce ya yi tafiya. Ran na uku mai gadi ya ce wari ke fita daga buhun, ya bar shi a waje. Da ya fito bai tarar da shi ba, mai shara ta share.

Aka yanke wa Direba shekara uku, hukuma ta kore shi daga aiki tun kafin a yanke. 'Yar Mai Sawu ta kwashe yara ta koma ɗaki ɗaya. Takan gaishe da ubanta in sun haɗu, ta tambayi gwiwarsa, amma ba ta ƙara zama a bencinsa ba. Hannun Sanƙo ya ɗoru a karkace, ba ya iya tura baro, ya bar unguwar ba wanda ya san inda ya nufa. Sauran masu baro suka ce ba za su shiga layin da ake karya mutane ba. Lamba bakwai na nan a harabar caji ofis, tayoyinta sun sace. Mota ɗaya ta rage wa gari duka, marar birki.

Kwamiti ya zo sau ɗaya. Aka sa mutanen unguwa suka yashe kwalbatin da hannunsu, aka tara abin da aka fitar a gefe, aka ce mota za ta zo. Aka kafa allo: an hana zuba shara a nan.

Sati biyar bayan haka, kwandon da ke ƙarƙashin bencin Mai Sawu ya cika da yankakken fata da tsofaffin soso da roba. Ya ƙona wasu, maƙwabciya mai ciwon ƙirji ta roƙe shi ya bari. Ya ɗauki kwandon da safe ya nufi bakin unguwa. Tulin da ke can ya cinye rabin titi, masu shago sun kewaye shi da igiya, ɗaya na zaune da gora. Ya nufi kasuwa, aka ce na 'yan kasuwa ne kaɗai. Gwiwarsa ta fara zafi. Ya bi ta bayan masana'anta don ya rage hanya.

Akwai mutum a bakin kwalbatin, ya ba shi baya, yana zazzage buhu a ƙarƙashin allon. Ƙyallaye ne masu launi-launi ke zuba, suna gangarawa cikin ramin. Mutumin ya ji takun sanda ya waiwayo. Tela ne.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Baba, shago ya cika. Ɓeraye sun fara cin ɗinkin mutane. Na zagaya ko'ina." Ya dubi buhun da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa. "Ina zan kai?"

Daga gabas hadari ya fara haɗuwa, iska ta ɗaga wani jan ƙyalle ta manna shi a jikin allon. Tela ya naɗe buhunsa ya wuce, kansa a ƙasa.

Tsohon ya daɗe a tsaye da kwandon a kafaɗa. Hannunsa ya gaji, ya sauke shi, ya zauna a kai. Yana nan zaune aka fara yayyafi.